Rigar da Aka Ɗora Bisa Kostim

Ɗan maƙwabcina ya yi aure kwanan baya a nan Madawa, yara suka kama hannuna suka zaunar da ni a inuwar dogon yaro, wai in ga biki. Na gani kuwa, iyakar abin da idon tsoho ke iya gani. Ango ya fito cikin kwat da wando, abin da mu nan muke ce wa kostim, amma ya matse shi kamar a jikinsa aka ɗinka, maɓalli guda yana neman tsinkewa a kan cibiya, ƙafar wandon ta tsaya sama da idon sawu, ba ko safa. Na tambayi na kusa da ni ko yadi ne bai isa ba, ya yi dariya ya ce, "Baba, haka ake yayi yanzu." Mawaƙin da aka ɗauko kuwa yaro ne shi kaɗai, da wando yagagge a gwiwa, da baƙin tabarau, da sarƙa a wuya. Ba ganga, ba gitar, ba kowa a bayansa. Ya soka wata 'yar aba a jikin akwatin sauti, kiɗa ya fito, murya ma ta fito, shi dai baki yake motsawa yana tsalle. Mutane sun ji daɗinsu, ban ga laifinsu ba. Ni dai na zauna ina kallon gwiwar nan a waje, sai zuciyata ta koma wurin wani mutum da ba ya tsayawa gaban jama'a sai ya goge har bayan takalminsa. Magajina ke nan, wato yayana wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mu a gidan makaɗa muka tashi, a wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Baba gangar noma yake kaɗawa, ya gada daga nasa uban. Abin da na fara sani a duniya shi ne warin fatar akuya da aka jiƙa da toka, da ƙarar wuƙa tana kankare gashi, da yadda Baba ke jingine ganga a rana da hantsi, jim kaɗan ya zo ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya karkata kai yana saurare kamar mai jin numfashin jariri. Aikinmu mu yara shi ne jan igiya, mu taka da ƙafa mu ja har tafin hannu ya yi kanta. Ranar gayya kuwa, sai ka ga samari sun jeru a bakin gona da hauyoyi, Baba yana bin su a baya, ganga a kafaɗa, yana kiran sunan kakan kowa da abin da kakan ya noma a zamaninsa. Mutum ya ji an ambaci kakansa, sai ya sunkuya ya manta da ƙishirwa. Ƙura ta tashi, mata su yi guɗa daga gindin gawo inda suka aje ƙoren fura. Yau in ka bi gonakin nan da damina, ba abin da za ka ji sai waƙar salula a aljihun ɗan ƙwadago.

Abu guda ne ban lura da shi ba sai da magajina ya nuna mini: Baba bai taɓa zuwa wurin tela ba. Duk rigar da ke jikinsa ta wani ce. In ya yi wa mai gona kiɗan da ya ratsa shi, sai mai gona ya tuɓe rigarsa nan take ya jefa masa, da guminta da ƙamshin turarenta. Wata ta yi masa tsawo har yana takawa, wata ta ɗage masa. Inna, ko da ido rufe, in ta sunsuna riga sai ta gaya maka gidan da ta fito. Baba kuwa alfahari yake yi da haka. Yakan ce, "Makaɗi ba a gwada mishi riga. Wadda duk taf faɗo bisa kainai, ita ad daidai da shi." Magajina in ya ji wannan magana sai ya tashi ya bar wurin. Ya taɓa ce mini muna hanyar rijiya, "Ka san dai zanen aro ba ya rufe katara. Ni ban mutuwa cikin rigar wani."

Allah ya ba shi murya. Ba ƙarfi gare ta ba, sanyi gare ta, irin wadda in ta tashi mata kan dakata da daka. Da muka zama samari muka shigo Madawa neman aikin rani, sai muka haɗu da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka kawo daga kudu, irin waɗanda ake kira mushe don girmamawa, yana da gitar. Ya ji magajina yana rera waƙa a fadama muna ban ruwan albasa, ya kira shi. Kafin rani ya ƙare mun zama orkes, wato ƙungiyar makaɗan zamani, mu biyar: mushe da wani abokinsa a kan gitar, wani ɗan mai gyaran rediyo yana kula da sauti yana kuma amshi, ni a kan ganguna, magajina a gaba da makirfo. Mushe ya ce sharaɗi guda ne, ba mai hawa dandali sai da kostim.

Ranar da muka je wurin tela ba ta fita raina. Tela ya zare awonsa daga wuya, ya sa magajina ya buɗe hannuwa, ya auna kafaɗa, ya auna ƙirji, ya durƙusa ya auna tsawon ƙafa. Magajina ya tsaya ƙiƙam, ko ƙifta ido bai yi ba. Da muka fito, sai ya dube ni ya ce, "Ka gani? Shi yad durƙusa, ni ina tsaye. Yau an auna mutum guda a gidanmu."

Kostim na wancan zamani ba irin na yanzu ba ne. Yadi ake zuba masa ba rowa. Kunnuwan kwat faffaɗa ne, sun kusa taɓa kafaɗa, wuyan taguwar ciki dogo mai tsini, karabat da ake ɗaurawa a wuya mai faɗin tafin hannu. Wando ya kama cinya, daga gwiwa ya buɗe kamar bakin ƙaho, yana share ƙasa, takalmi mai tudun dunduniya ya ɓuya a ciki. Na magajina launin makuba ne, namu baƙaƙe. Ba a wanke shi da ruwa, sai dai a kakkaɓe da buroshi, a rataye a inuwa ya sha iska. In za a yi wasa, tun da azahar za ka ji mu muna hura gawayi a dutsen guga, a shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a bisa yadin, dutse ya sauka ya yi cuu, tururi ya tashi da warin gumin jiya. In tafiya ta kama zuwa Buza ko Keita, sai mu naɗe su cikin zanen Inna, mu hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, da tsummokaranmu, mu rungume ƙunshin kamar masu ɗauke da marar lafiya, duwatsun hanya suna wujijjiga mu. In mun isa sai mu nemi bayan wani gini mu wanke fuska mu sake kaya. Mutanen da suka ga saukar wasu 'yan ƙauye masu ƙura, sai su ga fitowar waɗansu mutane dabam. Ana ba mu hannu. Ana kawo mana kujeru. Komandan mai mulkin gari da kansa ya taɓa ce wa magajina "mushe". Ba mai jefa mana komai, magana ake yi da mu tun kafin ranar, a sallame mu bayan an tashi, kamar kowane ma'aikaci. Mun ɗauka shi ke nan, mun haye.

A cikin wannan hali ya ga wata yarinya. 'Yar wani Alhaji ce mai gonakin albasa, wanda asalinsa daga ƙauyenmu iyayensa suka taso. Ta yi lakwal kaɗan, tana da natsuwa, in ta zo kallon wasa a gidan matasa da la'asar, can baya take tsayawa da ƙawayenta. Sun daidaita tsakaninsu. Ni ne ɗan rakiya, da kunnena na ji ta ce masa, "Ka zo ka gai da Baba. Yana son waƙarka, in kana yin ta a biki har kai yake kaɗawa."

Magajina ya koma ƙauye ya gaya wa Baba, ya roƙe shi ya shige masa gaba kamar yadda iyaye ke yi. Baba yana ɗaure bakin ganga, bai ɗago ba. Ya ce, "Gidan wa kac ce?" Aka maimaita masa. Ya ce, "Ban zuwa."

"Don mi, Baba?"

"Don na san ƙofar da nika shiga gidanga, kuma ba ita ta kaka so in shiga ba. Ga ɗiyan makaɗa nan, ga na mawaƙa, har Bangi har Urno, wadda duk kaka so gobe in tai."

Magajina ya ce, "Baba, zamani ya sake. Ni ba maroƙi ne ba. Ban taɓa miƙa ma kowa hannu ba."

Baba ya ja igiya ya ƙulle, sannan ya ce, "Allah shi sa."

Sai muka tafi mu biyu, wai gaisuwa, daga nan in an ga fuska a aiko manya. Bazara ce, bayan la'asar, zafi kamar a bakin maƙera. Magajina ya sa kostim ɗinsa na makuba har da karabat, ni ma ya hana ni sa babbar riga, sai nawa kostim. Muka yi sallama a zauren Alhaji. Yana zaune bisa buzu da mutane huɗu ko biyar, cikin wata babbar riga shuɗiya mai aikin hannu tun daga wuya har ciki. Ba kujera a zauren. Nan na fara gane cewa kostim ba a yi shi don durƙuso ba: wandon ya ɗaure mana cinya, kwat ta tattare a wuya, muka tuɓe takalma muka tsuguna a karkace kamar kaji a akurki.

Alhaji mutumin kirki ne, har gobe ban ce ba haka ba. Ya amsa gaisuwa da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwan randa. Ya dubi magajina ya ce, "Kai na mai waƙar nan? Madalla. Ɗan wa kake?" Ya sani sarai, amma ya tambaya. Magajina ya faɗi sunan Baba. Alhaji ya tafa hannu ya juya wurin mutanensa. "Kun ji! Ɗan makaɗinmu na. Ubanai ya yi ma ubana kiɗi, kakanai ya yi ma kakana. Ran wata gayya, ina yaro, sai da ubana yay yi kuka don kiɗin tsohonga. Shina nan lahiya?"

"Lahiya lau, Alhaji. Dama na zo ne in..."

Bai ƙarasa ba Alhaji ya miƙe tsaye. Ya kama wuyan rigarsa da hannu biyu, ya cire ta ta kai, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Ya tako ya zo inda magajina ke tsugune, ya zura masa ita da kansa, ya gyara masa kafaɗa ɗaya, ya gyara ɗayar. Shuɗin nan ya sauka ya rufe kwat, ya rufe karabat, ya rufe wando, har ya taru a ƙasa. Alhaji ya ce, a hankali, ba faɗa ba izgili, "Ɗan makaɗinmu ba ya shigowa gidanga shi hita hannu wohi. Haka munka iske, haka za mu bari."

Mutanen zaure suka ce, "Madalla da Alhaji. An gode." Sai kuma aka zuba wa magajina ido, ana jira. Kowa ya san abin da ake jira. Wanda aka tuɓe wa riga ba ya tashi sai ya yi godiya irin ta gidansu. Ina ganin gumi yana bin bayan kunnen magajina yana shiga wuyan rigar. Na ɗauka zai cire ta ya aje, na ma fara laluben takalmina. Sai na ji murya ta tashi. Kirarin gidan Alhaji ne, tun daga kakan kakansa, wanda ya sare dajin, da wanda ya haƙa rijiya a shekarar yunwa, ɗaya bayan ɗaya, ba tuntuɓe, daidai yadda Baba ke jera su a bakin gona. Ni ban san ya iya ba. Ina jin shi ma bai san ya iya ba. Alhaji ya sunkuyar da kai yana share ido da gefen 'yar cikinsa.

Bai tuɓe rigar a hanya ba. Haka muka ratsa kasuwa, muka hau mota zuwa ƙauye, kaya biyu a jikinsa cikin wannan zafi. Da muka shiga gida Inna ta fito daga madafa, ta dube shi sau ɗaya, ta koma ciki, muka ji tana jan hanci. Baba ya taso ya kama bakin hannun rigar, ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya duba aikin wuyan. Ya ce, "Riga mai kyau ta." Can ya ƙara da cewa, "Ba su ƙi ka ba, ɗana. Tuna maka sunka yi."

Yarinyar ta tare ni a kasuwa bayan 'yan kwanaki, idonta ja. Ta ce, "Ka ce mishi wallahi ban san haka za a yi ba." Na kai saƙo. Ya ce, "Na sani." Bai sake zuwa inda take ba, ita ma ba ta sake zuwa kallon wasa ba.

Da shekara ta kewayo aka sa ranar aurenta da wani ɗan kasuwa na Keita, mutum mai hankali, na ji kuma sun zauna lafiya. Alhaji ya aiko musamman, ya ce ba orkes ɗin da zai yi wasan bikin 'yarsa sai namu. Shi a wurinsa girmamawa ce. Mushe ya fusata ya ce ba za mu je ba, magajina ya ce za mu je. Ran bikin mu huɗu muka yi guga muka shirya, muna jiransa a bayan rumfa, sai ga shi cikin shuɗiyar rigar nan da hula. Mushe ya ce, "Ina kostim?" Ya ce, "Yau da kayan aikina niz zo." Ya karɓi makirfo. Na yi shekaru ina kaɗa masa, ban taɓa jin ya yi waƙa kamar ta wannan yammaci ba. Bai yi ko ɗaya daga waƙoƙin soyayyar da muka saba ba. Ya wasa Alhaji, ya wasa ango da dangin ango, ya yi wa amarya addu'ar zaman lafiya da zuri'a, da sunanta, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Tsofaffi suka taso daga kujeru, mata suna guɗa, ana ta yi masa liƙi a goshi, shi kuwa idonsa na can bisa rufin rumfa. Ni da ke bayansa ina ganin yadda hannunsa na hagu ya damƙe gefen rigar har jijiyoyi suka fito.

Da aka gama girbin hatsi, ya bi motar masu tafiya Abijan, kamar yadda rabin samarin ƙasarmu ta Adar ke yi. Ya bar rigar a ɗakin Baba, ya bar kostim a nawa. Na raka shi tasha na ce, "In ka dawo da damina sai mu ci gaba." Ya ce, "To." Damina ta zo, 'yan tafiya suka dawo da rediyoyi da atamfofi, ban da shi. Da fari yakan aiko da gaisuwa da ɗan abin sawa a baki. Baba ya rasu bai zo ba, Inna ta rasu bai zo ba. Daga baya gaisuwar ma ta ɗauke.

Orkes bai daɗe ba bayansa. Aka mayar da mushe wani gari, kaset ya shigo, masu biki suka ga ya fi sauƙi. Na ci gaba da sa kostim ɗin makuba ranar salla, ina ganin yayi yana wucewa ta gabana. Ma'aikata suka koma wa wata kwat mai gajeren hannu da aljihu huɗu, ba karabat. Bayanta aka yi mai kafaɗu kamar an sa katako, mai maɓallai jere biyu. Sannan gwanjo ya cika kasuwa, kwat ta zama abin da mai gadi ke sawa da sanyi a bisa riga, ba wanda ya auna kowa. Wata salla na fito, yara suka bi ni suna dariya suna cewa ga mai wandon share titi. Na koma gida na tuɓe, na sa a akwati, gara ta gama da shi a shekarar da ɗakina ya yi yoyo. Gangar Baba ma na ɗauka na ɗan kaɗa, har gayya ta mutu, na rataye ta. Masu gitar na Buzaye da ke zuwa biki a Keita su dai har yau da rawaninsu da shaddarsu suke hawa dandali, ban san yadda suka yi suka riƙe nasu ba. Mu mun saki na gida, na waje kuma ya sake mu. Jikokina ba wanda ya san jan igiyar ganga, kuma ba wanda zai ce musu 'ya'yan makaɗa in sun je neman aure, sai dai a yi raɗa a bayansu. Ban san ko wannan ci gaba ne ba. Na dai san an daina tuɓe riga, an kuma daina kiran sunan kakan kowa.

Gemuna ya riga ya yi fari lokacin da wani dattijo mutumin Karofane ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce daga Abijan ya dawo, ya gaji, ya zo gida ya mutu. Ya tambaya ko ni ne ƙanen wane, na ce ni ne. Ya ce in yi haƙuri, magajina ya rasu tun bara, ciwon ƙirji, su 'yan Adar na can suka yi masa sutura. Ya ce ɗaki guda suka zauna shekara da shekaru, suna dako a bakin tashar jirgin ruwa, da ƙarfi ya ƙare suka koma gadi. Bai yi aure ba. Mutum ne mai tsabta, in ji shi, mai yawan shiru, ba ya karɓar kyautar kowa, ko goro ka miƙa masa sai ya ce ya gode, yana da nasa.

Muka yi addu'a muka shafa. Na kawo masa fura ya sha. Da zai tashi na kasa daurewa, na ce, "To, can ɗin, wace irin waƙa yaka yi? Ta gida, ko irin tasu ta can?"

Dattijon ya tsaya da sandarsa a hannu, ya dube ni kamar na ambaci wani mutum dabam.

"Waƙa?" ya ce. "Wane? Ai ni tun da nike da shi, ko kiran salla ban taɓa jin ya ɗaga murya ba."

Na raka shi har bakin hanya.